Dattijon da ke Harbi a Wayar Ɗansa

Ni da Yaya muna dawowa daga karɓo shaidar digirina ɗan fashi ya zaro 'yar ƙaramar bindiga. Yaya ya yi dariya: "Kai, wannan ai ta fim ce!" Ba ta fim ba ce. Yaya na ɗakin tiyata yanzu.

A bencin jira akwai wani dattijo mai furfura, silifas ɗinsa wari da wari. Da alama a guje ya baro gida. Yana wasan harbi a waya, da irin bindigar nan sak. Ba ya samun kowa.

Ya ga na zabura, sai ya kashe ƙarar. "Yi haƙuri, 'yata. Wayar ɗana ce, shi ma yana ɗakin tiyata. A nan ya tsaya a wasan."

Har yanzu likita bai fito wa ɗayanmu da labari ba.