Farantin da Kawu Ya Ƙi Ci

Jiya iska ta yi ta jijjiga jirginmu a sama, a hanyar dawowa birnin Guangzhou. Da abin ya lafa, na ga ma'aikaciya ta nufi ɗakin matuƙa da faranti biyu, kowanne da irin abincinsa. Sai na tuna Kawu.

Matuƙin jirgi ne. Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar nan aka haɗe kamfaninsu da wani, ƙungiyoyin matuƙan suka yi ta ja-in-ja a kan wa ya girmi wa a aiki. In ɓangarensu ya faɗi, Kawu zai bar kujerar kyaftin ya koma mataimaki.

A lokacin ya zo gidan abincin yayata a titin Liuhua Lu tare da wani matashin matuƙi na ɗaya kamfanin. Na kawo musu shinkafa da taliya, ƙamshin citta na tashi.

"Baba, in aka bi tsarinmu, ni ne gaba da kai fa," in ji matashin yana dariya.

"To, Kyaftin, zaɓi."

Matashin ya jawo shinkafa, ya ce su ci tare. Kawu ya girgiza kai.

"Babba ke fara zaɓa, amma ba a cin iri ɗaya. In cikinka ya murɗa a sama, nawa ma ya murɗa, wa zai sauke mutane?"

Tsarin su matashin aka bi. Kawu ya koma mataimaki, a haka ya yi aiki har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Jiya ban san wanda ya sauke mu ba, babban ne ko ƙaramin. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya saukar da shi masauki mai sanyi.