Ranar da Malam Sule ya ce a kashe injin

Muna ofishin kamfanin casar shinkafar da nake aiki a Wudil, muna tantance wanda zai shugabanci masu kula da injuna. Mutum biyu suka rage: Nura mai digirin injiniya, da Malam Sule daga Darki, wanda ya shekara ashirin yana gyaran injin casa.

Manaja ya nemi takardun Malam Sule, ya miƙo ta firamare. Yana miƙawa sai ya karkata kai wajen taga.

"Ranka ya daɗe, a kashe injin can. Bel ɗin da ke juya shi ya kusa tsinkewa."

Mu dai ƙarar da muka saba ji muke ji. Aka kashe, aka duba, saura ƙiris ya tsinke.

Manaja ya ce, "Malam, dokar kamfani sai mai digiri."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni dai kada ku yi asara."

Nura aka ba kujerar, aka ɗauki Malam Sule mataimakinsa. Wata uku ke nan, kullum da safe ina ganin Nura tsugune a gefensa yana rubutu a ɗan littafi.

Har yanzu ban san ko daidai muka yi ba. Da ku ne, wa za ku ba?