Zogalen Fararen Ɓeraye

Ɗiyata tana jami'a ta aiko in shanya mata ganyen zogale. Na tsinko a bayan gidanmu na Tambuwal, na shanya a inuwa, na daka da bisimilla. Ta ce wasu fararen ɓeraye aka ɗura wa abinci mai maiƙo har kitse ya lulluɓe hantarsu, za a ba su ruwan ganyen a ga ko zai narke.

Da ta zo hutu, tun ba ta ajiye jaka ba na ce, "Majinyatanki sun samu sauƙi?"

Ta yi dariya. "Ƙiba ta ragu, Inna. Amma hanta ai sai an yanka ake ganinta."

"Duka?"

"Duka. Ke da ke ɗana tarko a rumbu?"

Gaskiyarta. Amma na rumbu ban taɓa roƙa masu lafiya bayan salla ba, waɗannan kuwa na roƙa.

Bana ta sake aikowa. Na daka, na roƙe ta abu guda: kada a yanka ɗaya a gaban ɗan'uwansa.