Ambaliyar Gishiri

Ni ɗan Haɗeja ne, don haka a zatona babu mai koya min ambaliya. Da wannan taƙamar na zauna a unguwar Madinat Nasr, can ƙasar waje inda na je karatu, ɗaki ɗaya da wani ɗalibi ɗan Bangladesh, siriri, mai zuba barkono a miya kamar yana jin haushin tukunyar. Garinsu tsibiri ne a bakin teku, ƙasa-ƙasa, ganuwar laka kawai ke tare musu ruwa. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ke riƙe da gonar shinkafarsu. Burinsa ya gama karatu ya koma ya hutar da ita.

Wata rana da hantsi na dawo daga sayen burodi, na tarar da shi zaune a kan katifa, waya a hannu. Daga gida aka kira shi: guguwa ta zo daidai lokacin da teku ya cika, ta ture ganuwar, ruwa ya haye tsibirin gaba ɗaya. Mahaifiyarsa ta tsira a saman ginin makaranta. Gonar kuwa tana ƙarƙashin ruwa.

Na zauna kusa da shi, na ɗauko ɗan abin da na sani.

"Ma'alish ya akhi, yi haƙuri ɗan'uwa, tunda Umma na raye, khalas, shi ke nan. Mu ma haka kogi ke yi mana. In ya janye sai ya bar taki. Baɗi sai kun rasa inda za ku zuba shinkafa."

Ya dube ni, ba da fushi ba. "Ruwan naku, ana shansa?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"Namu gishiri ne. In ya kwana a gona, ko ciyawa ba ta fitowa."



Ruwa ya janye ya bar ƙasa fara fat. Tafkin da suke sha ya lalace. Tsohuwar ta gwada shuka, iri ya mutu a ƙasa, kuma kafin a gama gyaran ganuwar, teku ya sake shigowa. Daga ƙarshe ta bi 'yarta birni, ɗaki guda a bayan wata masaƙa. Shi dai ya ci gaba da zuwa darasi, yana dafa mana abinci, amma ya daina zancen shinkafa, kuma har yau abin yana cin raina.

Da muka gama karatu, muna ɗaure littattafai a kwali, na ce masa to, sai gida.

"Kai ne za ka gida," in ji shi. "Ni wajen Umma zan je."