Danƙon Salatif a Hanyar Badagishiri

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙonni ranar Larabar da ta wuce, ni da gwaggon marigayi mijina da akwatin ƙarfe guda. A cikinsa akwai kamarar bidiyo da makirofo biyu da wayoyinsu. Da su maigidana yake ɗaukar bukukuwa, shekara bakwai ina riƙe masa fitila ina canza kaset. Ina fita takaba wansa ya ce mace ba ta yawo da kamara, a sayar. Na ce ban yarda ba. Aka ja aka ja, ƙarshe ya ce in je bikin ɗiyar wani mai albasa a Badagishiri, wanda aka yi wa marigayi maganarsa tun yana da rai. In na dawo babu kaset ɗin bikin, kamara ta tafi kasuwa. Shi ya haɗo ni da Gwaggo, wai rakiya. Na san ido aka aiko.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Kuɗin mota jika guda kowa, akwati dala arba'in, kuma direba ya rantse don tausayi ya rage mana, wai tun da aka karya darajar kuɗin sefa ko taya ba ta sayuwa. A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, maimakon ya karya hagu sai ya miƙe. Zai ɗan leƙa Malbaza, in ji shi, ya ɗauko siminti buhu goma. Wannan ɗan leƙen ya ci mana awa biyu.

Malbaza komai fari ne da ƙurar gidan siminti, itatuwa da rufin kwano har awaki. Manyan motoci sun yi layi, mata na suyar ƙosai a gefensu. Gwaggo ta sayi na dala biyar ta zauna tana ci. Masu lodi suka sauke akwatina don su gyara wa buhuna wuri, murfin ya ɓalle, kaya suka zube ƙasa.

Wayyo ni! Tun rasuwar ban buɗe akwatin nan ba, zuciyata ba ta ba ni ba. Batura kaɗai na caja, don su a ɗaki suke. Marigayi mutum ne mai son salatif, kowace waya sai ya naɗe ta ya ɗaure da shi. Akwatin kuma ya yi bazara sukutum a ƙarƙashin kwano. Danƙon ya narke, wayoyi sun manne sun zama dunƙule ɗaya, ga ƙurar siminti ta bi ta lulluɓe su. Ƙofar kaset ta kamara, wadda ya liƙe don sakatarta ta yi sanyi, ta kafe ƙam.

Direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, fetur za ki sa. Yanzun nan zai fita."

Ɗan Ƙonni ke nan. Mu da fetur yake a kwalba a kowace kwana, da shi ake wanke hannu, da shi ake kashe kuɗin cizo. Amma na taɓa ganin wayar da aka wanke da shi, kwana uku ta bushe ta tsattsage. Ya buɗe kwalbarsa, na tare kayana da jikina. Na ce ko ɗigo ya zuba sai mun je gaban jandarma. Ya yi dariya, ya ce dama mace da kamara ai sai kallo. Na ce to ya zuba ido.

Muka koma Tsarnawa muka kama hanyar arewa. Jar ƙasa da duwatsu, amalanken jaki jefi-jefi. Ban ga abin kirki ba, ina ta kankare waya da farce ina ƙara dagula ta. Gaskiya na tsorata. Gwaggo ta jawo bakin wata waya don ta matsar da ita daga zanenta, sai na ga ta tsaya tana murza yatsu. Hannunta duk man ƙosai ne, kuma inda ta taɓa danƙon ya mulmule ya fita. Da ta yi shiru, ba wanda zai sani. Ta daɗe tana duban wayar, sannan ta ce, "Ke ɗiyar ga, duba nan."

Mun gangara kwarin Badagishiri rana ta take tsaka. Bayan wancan jajayen duwatsu sai ga kore shar, lambunan albasa da kabeji, warin albasa har cikin mota. A gidan biki aka tarbe mu da fura mai sanyi da shinkafa da miyar yakuwa. Uban amarya ya dube ni ya dubi bayana, yana neman namijin da zai fito. Na ce ni ce. Bayan la'asar za a kai amarya.

Na roƙi masu girki man gyaɗa rabin ludayi. Muka shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi. Gwaggo tana shafa mai da tsumma, mu bar shi ya jiƙa, ni ina murjewa, sannan in bi da ruwan sabulu in tsane. Bakin ƙarfen da ake sokawa ban bar mai ya taɓa shi ba. Matan gidan suka kewaye mu, wata ta ce yau ga masu wankin hanji ba a yanka ba.

Kamara ta rage. Na naɗa auduga a tsinke ina bin gefen ƙofar a hankali, kada mai ya shiga ciki. Da ƙurar ta fita sai rubutu ya bayyana a kan salatif ɗin. Sunansa ne, da hannunsa, da biro. Ƙofar ba za ta buɗu ba sai an cire shi. Na kasa cirewa. Gwaggo, wadda ita ta goye shi yana jariri, ta ce, "Cire. Shi ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ke kina nan." Na cire ina kuka, ƙofar ta buɗe.

Kaset biyu na cika. Gwaggo ce ta riƙe makirofo, tana tsawata wa masu guɗa su matso kusa.

Washegari muka dawo a motar albasa, wayoyina ɗaure da ƙyallen atamfa, don ni da salatif mun rabu. Mun iske wan mijina a ƙofar gida. Bai dube ni ba, sai ya tambayi Gwaggo yadda aka yi. Ta ce, "Aiki ta yi, ni shaida ce. Ranar Asabar akwai suna a Alela, da ni za a je. Matsa mu wuce."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne kada in sake rufe abu don ina tsoron dubansa, kuma kada in yanke wa mutum hukunci don wanda ya aiko shi. Kamara tana ɗakina. Duk mai biki ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ni zai nema.