Kurar Ladi da Kwalin Littattafan Kamal

Ba mu da murhu a Highbridge, unguwarmu a New York, amma muna da kicin. Idan sanyi ya tsananta, hitar da ke ɗumama gidanmu ta shiga yajin aikin da ta saba, kakarmu Hajiya Yalwa takan kunna gas ta ɗora tukunyar ruwa, ta jawo kujera kusa. Ni da yayana Sani sai mu zube a gabanta da barguna bayan sallar isha'i. Daga Kano aka ɗauko ta don ta kula da mu, tunda Baba direba ne, Umma kuma tana aikin jinyar tsofaffi. Ba ta taɓa son garin nan ba. Cewa take ranar New York ta ado ce kawai, ga haske babu zafi.

"Ga ta nan, ta biyo ku har ƙasar ƙanƙara," haka take buɗewa.

Mu ce, "Ta shigo ta sha ɗumi."

Tatsuniyoyinta duk na gari ɗaya ne, wai shi Gangare, kuma mutanen ciki 'yan uwan juna ne. Sai dai ba ta bin layi. Yau ka ji mutum da furfura yana raba gardama, jibi ka same shi jariri ana goyonsa. Abin nan ya ƙona min rai ba kaɗan ba.

"Hajiya, don Allah ki faro daga farko mana!"

"Ke takwara, da aka haife ki, daga farko aka faro miki duniya? Tarar da mu kika yi muna tsakiyar hira, kika zauna kika kama zaren."

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta Ladi mai tuwo. Ladi tsohuwa ce a Gangare, ba miji ba ɗa, kowane baƙo a gidanta yake cin abinci. Amma kullum da magariba sai ta zuba tuwo a akushi mafi kyau, ta sa man shanu, ta kai bayan gida ta ajiye. Wata gurguwar kura ce ke zuwa ta cinye. Mutanen gari suka fara tsegumi, wasu suka ce Ladi mayya ce. Da awaki suka fara ɓata, maharba suka yi rantsuwa sai sun ga bayan kurar nan. Hajiya ta ja mu da labarin nan kusan duk sanyin shekarar. Idan muka tambaya me ya haɗa Ladi da kura, sai ta ce, "Ku dai ku ci tuwonku da zafinsa."

Sani ba shi da haƙuri. Ya bi Umma har wurin wanki ya matsa mata, ita kuma ta gaji, ta faɗa masa asalin maganar. Ranar da Hajiya ta kawo mu inda maharba suka kewaye gidan, Ladi ta fito ta tsaya tsakaninsu da kura, sai kawai Sani ya ce, "Ai yayanta ne! Tun suna yara aka mayar da shi kura."

Hajiya ta dube shi, ta dube ni, ta miƙa hannu ta kashe gas.

"Angona, ka kyauta. Ka ci naka, ka kuma zubar da na ƙanwarka."

Ba ta sake taɓa labarin Ladi ba. Na yi kuka, na yi roƙo, har cin abinci na ƙi. Ta ce tuwon da aka zubar ba ya komawa tukunya. Ta koma Kano, ta rasu, ban san ko an harbi kurar ba. Umma ma asalin kawai ta sani. Wallahi har yau idan na tuna sai na ji kamar in kira Sani in zazzage masa.

Abin da ya tono min wannan miki shi ne ɗana Kamal. Shekararsa goma sha uku, kuma ya kai lokacin da magana da uwa ta zama masa aiki. Rannan wani maƙwabcinmu da zai tashi ya ba shi kwali cike da littattafan labarin sararin samaniya, irin waɗanda ake rubutawa a kan shirin talabijin, marubuta daban-daban amma jirgi ɗaya da mutane ɗaya. Ina gani na gane su. Su ne na cinye a laburare ina budurwa. Da na faɗa masa, ya dube ni da mamaki, ya ce to mu karanta tare. Kai, ranar kamar an yi min bushara.

Nan rigima ta tashi. Littattafan nan ba a jere aka rubuta su ba. Wanda aka fara bugawa ya faro ne daga tsakiya, jirgi ya yi nisa yana neman sabuwar duniya, da wani tsohon makaniki mai kula da wata marainiya kamar 'yar cikinsa. Sai can gaba mai karatu zai gano cewa shi ne ya rufe ƙofa a kan iyayenta lokacin da iskar jirgin ke zurarewa, don sauran su tsira. Ni a cikin bas na karanta wurin, na wuce tashata ina hawaye. Daga baya aka rubuta wani littafi na ƙuruciyar makanikin, kuma da rufe ƙofar nan ya buɗe.

Kamal ya duba intanet ya ce da na ƙuruciyar za a fara, don shi ne farkon labari.

"Haba Kamal, bi yadda aka buga su. Haka aka shirya abin."

"Saboda me, Umma?" Da Turanci yake ba ni amsa, amma yana jin kowace kalma.

To ka ji inda na maƙale, gaba kura baya sayaki. In na faɗi dalili, na zama Sani da bakina. In na yi shiru, na zama uwa mai kafiya ba hujja. Abin da nake kare masa sau ɗaya ake samunsa a rayuwa, kuma ba ni da halin in nuna masa shi. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ya ce wannan ba amsa ba ce. Kuma da gaskiyarsa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Har ɓoye littafin na yi tunanin yi, na ga zai iya janye gayyatar gaba ɗaya, na haƙura.

Da nasa ya fara. Ina kallo ya shanye sirrin a shafukan farko kamar ruwa. A lokacin ne na fahimci fushin Hajiya. Ba rowa ta yi mana ba. Mai ba da labari ba shi da wata dukiya sai sanin lokacin da zai buɗe hannu, kuma in an riga shi, me ya rage masa? Na yi kwanaki ina jin an yi min sata.

Wata Asabar da yamma ina yanka albasa, ya shigo kicin da littafin da aka fara bugawa, yatsansa a tsakiyar shafi. Bai yi nisa ba. Yana wurin da makanikin ke koya wa yarinyar ɗaura igiyar takalmi, wurin da ni a da na wuce ina murmushi. Idanunsa sun yi ja.

"Umma, tana ce masa Baba. Ba ta sani ba, shi kuma ya sani. Yaya yake iya kallon fuskarta?"

Na ajiye wuƙar. Kukan da na yi a bas ya wuce shi har abada, wannan kam ina jin ciwonsa. Sai dai shi ma ga shi tsaye da wani kukan, a shafin da na karanta ya fi a ƙirga ban taɓa ganin komai ba, kuma ni ba zan taɓa samun irinsa ba.

Na goge hannuna a zani, na jawo masa kujera.

"Zauna ka karanta min wurin. A hankali."