Takardar da Muka Sa wa Hannu

Shekarar da 'yata ta shiga aji goma, ta dawo gida da wani aiki daga darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Malamarsu ta ce zamanin haddace sunayen shugabanni ya wuce. Yanzu kowane ɗalibi zai nemo abin da ke damunsa, ya rubuta koke, ya tara sa hannu, a kai wa hukumar makarantu. 'Yata ta zaɓi nata: lokacin sanyi rana gajeriya ce, kafin bas ya sauke su Azahar ta wuce. Ɗaki ɗaya take roƙo, na minti goma.

Ni kuwa kaina ya kumbura. Shekara tara na koyar da wannan darasi a Kano kafin in zo ƙasar waje, garin Laurel, ina aikin kula da tsofaffi, ban taɓa ganin an fito da shi daga allo ba. Na je makarantar na tambayi malamar ko da gaske za a kai koken. Ta riƙe hannuna, ta ce ita da kanta za ta raka yaran.

Sai na karɓe aikin tara sa hannun. Mutanenmu a ƙasar nan za su ba ka aron mota, su ba ka ɗaki, amma suna da adireshi a kan takarda sai ka yi da gaske. Na bi suna da walima da fayil a jaka har mata suka fara tsokanata da kansila. A wani suna a garin Beltsville na durƙusa gaban wani dattijo ɗan Nijar, direban tasi, wanda kowa ya san takardunsa na zama ba su gama daidaita ba.

"Hajiya, ina za ta, wannan takarda?" ya tambaye ni.

"Hukumar makarantu kawai, Baba. Don yaranmu su samu wurin salla."

Ya daɗe yana juya biro, sannan ya rubuta. "Ni ban san mutanen lekol ba," ya ce, yana nufin makaranta. "Ke na sani."

Bayan hutun sanyi 'yata ta ajiye fayil ɗin a kan teburin cin abinci. An zana mata maki mafi girma da jan biro, a saman shafin sunayen. Na ce yaushe za mu je? Ta amsa da Turanci, idonta a ƙasa, wai an fasa.

Washegari na koma wurin malamar. Ta ce umarni ya zo daga sama a guji duk abin da ya taɓa addini, amma kada in damu, manufar ita ce yara su koyi yadda ake yi, kuma 'yata ta koya. Na tambaye ta yaushe umarnin ya zo. Tun kafin hutu, in ji ta. Wato ina can ina durƙusa wa mutane, ita ta riga ta san takardar ba inda za ta. Raina ya ɓaci. Cin amana ne, ko da murmushi aka yi shi.

Makonni ina ce wa dattijon ana kan dubawa. Ranar da ƙaryar ta ishe ni, na kai masa takardar bayan Juma'a. Ya nemo sunansa da yatsa, ya nuna jan biron.

"Wannan fa?"

"Maki ne, Baba."

"To, madalla," ya ce. "Allah ya yi wa yarinya albarka."

Bana al'ummarmu ta tashi neman filin maƙabarta, koke na gaske wannan karon, aka ce ni zan tara sa hannu tunda na saba. Na sami dattijon a ƙofar masallaci. Ya gaishe ni sosai, ya tambayi gida, ya tambayi aiki da karatun 'yata. Na miƙa masa biro. Ya sa hannayensa biyu cikin aljihun rigarsa, ya ce in gaida mutanen gida.